Yadda ake binciken garin ƙyalli na dangin lantanaid da siririn zirin ayon

Garin ƙyalli da ake shafawa a kan ƙwayar LED mai shuɗi don ta ba da farin haske, ko wanda ke kan allon ɗaukar hoton X-ray, ƙwayoyinsa ba su cika wuce maikromita 5 zuwa 20 ba. Idan aka ɗebi cokali guda aka haska, abin da na'ura za ta bayar matsakaici ne na miliyoyin ƙwayoyi. Ba za ta gaya maka cewa wata ƙwayar ta sha yurofiyam fiye da kima ba, ko kuma gefen wata ya mutu alhali tsakiyarta na ci. Don amsa irin wannan tambaya ne ake matse zirin furoton har kaurinsa ya koma kamar maikromita 1, a bi da shi kan samfur ɗigo bayan ɗigo, a kama hasken da kowane ɗigo ya fitar. Sunan dabarar a taƙaice IBIL, wato ƙyallin da zirin ayon ke haddasawa. Tushenta na'urar matse ziri da John Cookson da abokan aikinsa suka haɗa a Harwell ta Ingila a farkon shekarun 1970, sai kuma masanan jami'ar Lund ta Suwidin da suka haɗa ɗaukar haske da PIXE, wato gane sinadarai daga hasken X-ray da ziri ke sa samfur ya fitar, a na'ura ɗaya a farkon shekarun 1990.

Abu biyu ka riƙe tun kafin ka taɓa komai. Zirin da ke sa samfur ƙyalli shi ne kuma ke lalata shi, tun daga daƙiƙar farko. Sannan wurin da ya fi haske a taswira ba lalle ne shi ya fi yawan sinadarin da kake nema ba. Yawancin matakan da ke ƙasa saboda waɗannan biyun aka tsara su.

Sanin abin da kake jiran gani

Sinadaran da ake magana a kansu 17 ne: lantanaid 15 daga lantanam mai lamba 57 zuwa lutetiyam mai lamba 71, sai sikandiyam da itiriyam. A garin ƙyalli akwai masauki, wato kiristal ɗin da ya ɗauki mafi yawan nauyi, irin su Y2O3 ko Y3Al5O12 da aka fi sani da YAG, akwai kuma baƙon ayon da aka sa kaɗan, shi ne mai fitar da hasken.

Hasken iri biyu ne, kuma kowanne da saitin da yake so. Eu3+, Tb3+, Dy3+, Sm3+ da Gd3+ suna fitar da haske daga tsallen ilektron a cikin ɓawon 4f, wanda ɓawon 5s da 5p suka kare daga maƙwabta. Saboda haka layukansu sirara ne, ba sa gusawa sosai daga masauki zuwa masauki, kuma suna jinkirin mutuwa, kusan milisakan 1 ga Eu3+ da Tb3+. Eu3+ na da layi kusa da nanomita 590 da babban ja wanda ke 611 a Y2O3, 619 a YVO4, 626 a Y2O2S. Tb3+ na da kore a 543 zuwa 545, da ƙanana kusa da 490, 585 da 620. Dy3+ na bayyana kusa da 480 da 575, Gd3+ kuma can a 311 zuwa 313, inda ido ba ya gani.

Ce3+ da Eu2+ daban suke. Tsallensu daga 5d ne zuwa 4f, 5d kuwa a waje yake, yana jin duk abin da ke kewaye da shi. Abin da suke bayarwa tudu ne mai faɗi, launinsa kuma masauki ne ke yanke shi. Eu2+ shuɗi ne a 450 cikin BaMgAl10O17, kore a 520 cikin SrAl2O4, ja kusa da 650 cikin CaAlSiN3. Ce3+ cikin YAG na ba da tudu kusa da 550, yana mutuwa cikin nanosakan 60 zuwa 70. Eu2+ na ɗaukar kamar maikrosakan 1.

Rubuta layukan da kake tsammani da tsawon ransu a takarda kafin ranar aiki. Daga nan za ka zaɓi tacin haske, faɗin tsagar sifektromita da saurin zagayen ziri.

Shirya samfur

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma ba a ganewa sai an gama cin lokacin injin.

Idan gari ne kuma kana son ƙwaya ɗaya-ɗaya, zuba ɗan ƙanƙani cikin etanol ko isofurofanol, ka girgiza shi a bahon sauti na 'yan mintoci, ka ɗiga ɗigo guda a kan gogaggen faifan silikon ko na kabon, ka bari ya bushe. Duba a madubin ƙara girma: ana son ƙwayoyin su rabu da juna da tazarar da ta ninka girmansu sau biyu ko uku. Idan sun cunkushe, hasken wata zai shiga wata. Kada ka yi amfani da ruwa ga SrAl2O4 da garin salfaid, domin ruwa na cin su. Wata hanyar ita ce danna garin cikin lallausan fallen indiyam. Yana riƙewa da kyau kuma yana zubar da caji, amma layin X-ray na L na indiyam a 3.29 keV (ma'aunin ƙarfin X-ray) yana hawa kan layin fotasiyam a 3.31, don haka ba ya yi idan fotasiyam na cikin abin da kake nema. Tef ɗin kabon mai danƙo shi ne mafi sauƙi kuma mafi jawo rigima, saboda danƙon kansa yana ƙyalli a ƙarƙashin ziri.

Idan kana son ganin cikin ƙwaya, ko samfurin dunƙulen seramik ne ko dutse, sai an binne shi cikin ifoksi an goge. Ifoksi ma yana ba da haske mai shuɗi-shuɗi wanda ke dusashewa da sauri, don haka ɗauki bakan haskensa, wato yadda hasken ya rarrabu bisa zango, shi kaɗai ka ajiye. Wajen gogewa yi amfani da man daimon, daga maikromita 6 zuwa 3 zuwa 1, ka wanke a bahon sauti tsakanin kowane mataki. Garin gogewa na CeO2 haramun ne a wannan aiki: zai maƙale a tsagogi, PIXE ta nuna maka seriyam a iyakokin ƙwayoyi, ka ɗauka ka gano wani abu. Alumina ma tana barin ɓurɓushi mai layin kuromiyam kusa da 694.

Kusan duk waɗannan kayan ba sa wuce da lantarki. Caji zai taru a fuska har ya yi tartsatsi, ziri ya yi tsalle, bakan X-ray ya cika da hayaniya. Maganinsa shafen kabon mai kaurin nanomita 10 zuwa 20, a haɗa shi da marikin samfur da fentin kabon. Kabon na shan wani kaso na haske, saboda haka duk samfuran da za a gwada da juna a shafe su a zubi ɗaya. Zinariya ba ta dace ba: tana tare haske, kuma layukanta na M kusa da 2.12 keV suna faɗawa tsakanin na itiriyam da na salfa.

Kafin a rufe akwatin gwaji, kifa marikin ka ɗan buga shi. Duk ƙwayar da za ta faɗi ta faɗi yanzu, kada famfon zuƙe iska ya haɗiye ta.

A kan marikin, ban da samfur, a sa: ragar tagulla mai layi 2000 a inci, wadda tazarar layukanta maikromita 12.7 ce, ɗan gilashin kwaz don ganin ziri da ido, dunƙulen kiristal na YAG:Ce, wato YAG mai seriyam, a matsayin ma'aunin haske, da abin da aka ɗora samfur a kai, babu komai a kansa.

Zaɓen ayon da matse shi

Furoton mai ƙarfin 2 zuwa 3 MeV shi ne abin farawa. A cikin silikon, furoton na 1 MeV na shiga kusan maikromita 16, na 2 MeV kusan 48, na 3 MeV kusan 92. Masaukan ƙyalli sun fi silikon nauyi, YAG giram 4.55 a santimita kubik, Gd2O2S kusan 7.3, don haka zurfin ya fi gajarta. Lissafa naka da manhajar SRIM kafin ka zaɓi ƙarfi. Muhimmancin lissafin shi ne, idan ƙwayar maikromita 10 ce, furoton na 3 MeV zai ratsa ta ya wuce, ya bar kaɗan daga ƙarfinsa a ciki, sauran ya ƙare a abin da ke ƙasa. Wannan na da amfani ta wani ɓangare, domin mafi munin ɓarnar kiristal a ƙarshen tafiyar ayon take faruwa, ita kuma ta faɗa wajen ƙwayar. Hiliyam na 2 MeV yana tsayawa cikin maikromita 7 a silikon. Ya fi dacewa da siraran shimfiɗu da kuma RBS, wato auna ƙarfin ayon da suka bugi samfur suka dawo baya, amma yana kashe haske da sauri fiye da furoton nesa ba kusa ba.

Ziri na fitowa daga injin ingiza ayon ya bi ta tsaga ta farko, wadda ita ce hoton da za a ƙanƙanta, ya bi ta tsaga ta biyu mai rage bazuwarsa, sannan maganaɗisai masu kai huɗu, galibi jerin uku irin na Oxford, su matse shi a kan samfur. Idan jerin na ƙanƙantawa sau 70 a wata kusurwa, tsaga mai maikromita 70 za ta ba da ɗigon maikromita 1 a wannan kusurwar. Ƙanƙantawar kwance da ta tsaye ba ɗaya ba ce, don haka kowace tsaga da nata buɗin.

Zuƙe iska har matsi ya sauka wajen 10^-6 milibar. Fara matsewa a kan kwaz da ido, sannan koma kan raga ka ɗauki taswirar X-ray na tagulla ko ta ilektron da ke tashi daga fuska. Kaifin gefen sandar raga shi ke ba ka girman ɗigo, tazarar 12.7 kuma ta ba ka ma'aunin faɗin taswira. Ka tabbata fuskar raga da fuskar samfur suna nisa ɗaya daga maganaɗisu. In ba haka ba, ka matse ziri a wurin da samfur ba ya nan.

Wani abu da ba a cika kula da shi a PIXE ba amma yake damun IBIL shi ne ayon da suka goga gefen tsaga suka warwatsu kewaye da ɗigo. Ba su da yawa, amma gari mai ƙarfin ƙyalli yana amsa musu. Alamarsa ita ce ka ajiye ziri a fili babu ƙwaya amma ka ci gaba da ganin layin 611. Rage tsaga ta biyu, ka duba ko gefunan tsagogin sun cinye.

Hanyar haske

Hanyoyi biyu ake bi, kuma gara a haɗa su. Ta farko bututun ninka haske, PMT, da tacin da ke barin siririn yanki ya wuce, misali 610 da faɗin 10. Yana ƙirga ƙwayoyin haske ɗaya-ɗaya da sauri, kwamfuta tana haɗa kowace da inda ziri yake a lokacin, taswira ta fito. Ta biyu lensi da zaren gilashi zuwa sifektromita mai CCD (faifan kama haske irin na kyamara), wadda ke ba da bakan haske gaba ɗaya amma a hankali.

Yawan hasken da za ka kama ya dogara da faɗin kusurwar da lensi ke gani, wanda ake aunawa da lambar NA. Mai NA 0.22, wato irin na zaren gilashi na yau da kullum, kusan kashi 1.2 cikin 100 na hasken da ke bazuwa ko'ina yake kamawa. Mai NA 0.5 na kama kusan kashi 6.7. Duk ninkin da ka samu a nan ninki ne na rage ayon da za ka zuba wa samfur, don haka kuɗin da aka kashe a kan lensi ya fi wanda aka kashe a kan ƙarin lokacin inji. Idan kana son Gd3+ ko wani abu ƙasa da 350, lensi da taga da zare duk su zama na silika, zaren kuma irin wanda hasken UV ba ya duhunta shi. CCD na silikon yana ƙarewa kusa da 1100, saboda haka layin Er3+ na 1540 sai da na'urar InGaAs.

Daidaita lensi a kan YAG:Ce: ajiye ziri a tsakiya, ka motsa lensi har ƙirge ya kai ƙololuwa. Bayan haka zagaya ziri a duk faɗin da za ka yi aiki. Kiristal ɗin bai ɗaya ne, don haka duk duhun da ka gani a gefunan taswira na lensi ne. Ajiye wannan taswirar don raba sauran da ita, ko ka rage faɗin zagaye zuwa inda hasken yake daidai.

Saita ma'aunin zango da fitilar makuri da agon: 404.7, 435.8, 546.1, 696.5 da 763.5 sun isa su rufe yankin da ido ke gani. Saita ma'aunin ƙarfi da fitilar tangstin mai takardar shaida, ta cikin lensi da zaren da za ka yi aiki da su. Wanda ya tsallake wannan zai ga tudun Eu2+ ya karkace ko ya gusa, ya ɗora wa samfur laifin na'ura. Ga layukan Eu3+ ana son sifektromita ta iya raba abin da bai kai nanomita 1 ba. Ga Ce3+ ko 5 ya wadatar, gara ma ka buɗe tsaga ka sami haske. Ka tuna kuma cewa sifektromita mai tsage-tsage tana maimaita layi a ninkin zangonsa: Gd3+ na 312 zai sake fitowa a 624, daidai unguwar Eu3+. Sa tacin da ke tare duk abin da ke ƙasa da 400, in layin ya ɓace to na bogi ne.

Kashe fitilar akwati, kashe ma'aunin matsi mai filamen, rufe tagogi da baƙin ƙyalle, ka ɗauki bakan duhu da tsawon lokacin da za ka yi amfani da shi.

Lissafin ayon, da jerin da ya kamata a bi

Pikoamfiya 1 na furoton daidai yake da furoton miliyan 6.24 a daƙiƙa. Ɗauki pikoamfiya (pA) 100, wanda shi ne abin da PIXE ta saba so. Idan ana zagaya shi a fili mai maikromita 100 sau 100, kowane santimita murabba'i na karɓar 6.24 × 10^12 a daƙiƙa, wato kusan 3.7 × 10^14 a minti guda. Idan aka tsayar da shi a ɗigon maikromita 1, adadin ya zama 6.24 × 10^16 a daƙiƙa, ninki 10,000. Shi ya sa wanda ya tsayar da ziri a kan ƙwaya yana gyara lensi ya riga ya ƙone ta kafin ya danna maɓallin ɗauka.

Jerin aikin ke nan. Nemo wurin da madubin akwati, ziri a rufe. Sauke kwarara zuwa pA 1 ko ƙasa, ta hanyar rage tsagogi. Ɗauki taswirar haske ta farko. Ɗauki bakan haske a wuraren da ka zaɓa, kana zagaya ƙaramin fili maimakon tsayawa cak. Sai bayan an gama duk abin da ya shafi haske a ɗaga kwarara zuwa pA 100 ko fiye don PIXE da RBS. A ƙarshe a sake sauke ta a maimaita taswirar haske, don a ga abin da PIXE ta ci.

Kafin wannan duka, sadaukar da ƙwaya ɗaya. Zagaya sanannen fili da sananniyar kwarara, kana ɗaukar baka kowace daƙiƙa, ka zana ƙarfin haske a kan adadin ayon da suka sauka. Sau da yawa zanen na bin tsarin da Birks da Black suka bayar a 1951: ƙarfin haske daidai yake da na farko a raba da 1 + F/F½, inda F shi ne adadin ayon da suka sauka, F½ kuma adadin da ke rage haske zuwa rabi. Da ka san F½ na samfurinka, tsara taswira yadda jimillar ayon ba za ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 nasa ba. Wannan lamba ta bambanta ƙwarai tsakanin kaya, don haka kada ka ari ta wani.

Idan haske ya ragu, rufe ziri na 'yan mintoci ka buɗe. In ya dawo, zafi ne ko caji. Ziri na 3 MeV a pA 100 miliwat 0.3 ne kawai, amma ƙwayar da ke zaune a kan tsini ɗaya cikin akwatin da babu iska ba ta da inda za ta kai zafin. In bai dawo ba, an yi wa kiristal lahani. Wani lokaci kuma haske na fara hawa kafin ya sauka, saboda tarkunan ilektron na cikin kiristal suna cika tukuna.

Auna caji a irin wannan ƙaramar kwarara na da wuya. Kofin Faraday na bukatar zobe mai ƙarfin kamar volt 100 zuwa 300 na koro ilektron da ke tserewa, in ba haka ba zai ƙirga fiye da gaskiya. Auna kafin da bayan kowace taswira. Idan ka sauka zuwa femtoamfiya, inda fA 1 furoton 6,240 ne a daƙiƙa, daina auna kwarara, ka sa ditektan silikon a gaban ziri ka ƙirga ayon kai tsaye.

Saurin zagaye

Kwamfuta na ɗora kowace ƙwayar haske a kan ɗigon da ziri yake a lokacin da ta iso. Idan baƙon ayon na jinkirin mutuwa, hasken ɗigon baya zai faɗa a ɗigon gaba, ƙwayoyi su fito da jela ta ɓangaren da ziri ke tafiya. Ƙa'idar ita ce ziri ya tsaya a kowane ɗigo aƙalla ninki 5 na tsawon ran hasken, domin a lokacin abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ga Eu3+ ko Tb3+ wannan milisakan 5 ne, taswira mai ɗigo 256 sau 256 kuma za ta ci daƙiƙa 328 a zagaye ɗaya. Ga Ce3+ ko Eu2+ maikrosakan 10 ya isa, zagaye ɗaya bai kai daƙiƙa guda ba, sai a yi ta maimaitawa ana tarawa, wanda ya fi sauƙi ga samfur ta fuskar zafi. Don gwada ko jela ce ko siffar ƙwaya, juya alkiblar zagaye. Jela za ta juya tare da shi.

SrAl2O4 mai Eu da Dy, wanda ke ci gaba da haske sa'o'i bayan an kashe fitila, ba ya taswiruwa ta wannan hanya kai tsaye. Dole a rufe ziri tsakanin ɗigo da ɗigo a auna ragowar haske a cire, ko a haƙura da bakan wurare kaɗan.

Karanta taswira ba tare da yaudarar kai ba

Ƙwayar da ziri ya ratsa, haskenta na bin kaurinta. Tsakiyar ƙwaya mai siffar ƙwallo zai fi gefe haske ko da baƙon ayon ya bazu daidai. Don cire wannan, raba taswirar haske da taswirar PIXE ta sinadarin masauki, misali layin K na itiriyam a 14.96 keV, wanda shi ma kauri yake bi. A gogaggen kiristal kuma akasin haka ake gani: YAG na lanƙwasa haske da ma'aunin 1.83, don haka kusan kashi 8 cikin 100 kaɗai ke fita ta fuskar sama kai tsaye, sauran na yawo a ciki har ya sami gefe, tsaga ko rami. Idan ziri ya zo kusa da irin waɗannan wurare ƙirge na hawa, ba don seriyam ya taru a can ba.

Sannan ƙarin baƙo ba ya nufin ƙarin haske har abada. Bayan wani matsayi ayon ɗin na miƙa wa juna ƙarfi har ya faɗa a lahani ya zama zafi, sai wurin da PIXE ta nuna ya fi yurofiyam ya zama shi ne mafi duhu. Zana haske a kan yawan baƙo, ɗigo da ɗigo, za ka ga inda layin ya lanƙwashe. Wannan zane shi ne babbar ribar haɗa dabarun biyu a ziri ɗaya.

Saboda duk waɗannan, rabon layi da layi ya fi ƙarfin layi ɗaya amana, domin kauri da caji da lensi duk suna soke kansu. Rabon jan layin Eu3+ na wajen 611 da na 590 yana nuna yadda mazaunin ayon ya karkace: na 590 bai damu da maƙwabta ba, na 611 kuwa yana ƙaruwa idan mazaunin ba shi da daidaito. A Tb3+ akwai shuɗɗan layuka kusa da 380, 415 da 437 waɗanda ke dusashewa idan ayon ɗin sun matso kusa da juna, don haka rabonsu da koren 545 ma'auni ne na cunkoson terbiyam a wurin. Rabon tudun Eu2+ da layukan Eu3+ kuma na nuna matsayin cajin yurofiyam, abin da PIXE ba ta iya gani sam. A nan sai an yi hattara, domin a wasu masaukai zirin kansa na mai da Eu3+ zuwa Eu2+. Duba bakan farko-farko na ƙwayar da ka sadaukar: idan rabon na sauyawa da adadin ayon, ɗauki ƙimarsa ta farkon farawa.

Idan za ka rarraba tudu mai faɗi zuwa ƙananan tuddai, mai da zango zuwa ƙarfi tukuna: raba 1240 da nanomita ka sami eV, ka kuma ninka tsayin kowane ɗigo da murabba'in zangonsa. Wanda ya yi rarrabawar a kan nanomita zai ƙirƙiro tudun da babu shi.

Ɓangaren PIXE ma da nasa tarkon. Da furoton na 2 zuwa 3 MeV layukan L na lantanaid ake amfani da su, kuma sun cunkushe tsakanin 4.6 da 9 keV tare da layukan K na ƙarafa. Ditekta mai kyau na raba kusan 130 eV a 5.9 keV. Lα na yurofiyam na 5.85, Kα na manganis na 5.90: ba za su rabu ba, sai ka nemi Lβ. Lα na seriyam na 4.84, Lβ na bariyam na 4.83. A Gd2O2S:Tb, ɗan layin terbiyam a 6.27 yana zaune a gindin ƙaton layin gadoliniyam na 6.06. Kada ka yanka taga a kan tsini ka kira shi taswirar sinadari. Bari manhajojin GUPIX ko GeoPIXE su daidaita bakan gaba ɗaya, kuma ka gwada sakamakon da samfurin da aka san abin da ke cikinsa.

Idan samfur ba ya shiga akwati

Kayan tarihi da manyan duwatsu ana fito musu da ziri waje ta tagar silikon naitiraid mai kaurin kamar nanomita 100, kamar yadda ake yi a na'urar AGLAE da ke ƙarƙashin gidan tarihi na Louvre a Faris. Ɗigon na faɗaɗa zuwa gomman maikromita saboda iska na warwatsa ayon, kuma naitirojin na iska yana ƙyalli a 337, 357 da 391. Matso da samfur zuwa milimita 2 ko 3 daga taga, ka busa hiliyam a tsakani, ka ɗauki bakan ziri babu samfur don cirewa. Ribar ita ce iska na zubar da caji da zafi, ba sai an shafa kabon ba.

Ko a ciki ko a waje, duba ko samfurin na da litiyam, irin su LiYF4 ko gilashin litiyam. Furoton da ya wuce 1.88 MeV yana fitar da niyutiron daga litiyam-7. Sanar da jami'in kula da tururin nukiliya na wurin tun wajen neman lokacin inji, a sa ma'aunin niyutiron kusa da akwati, ko kuma a yi aikin a 1.8 MeV a sake lissafin zurfi da SRIM.